Kwalaben Mutane a Ƙarƙashin Gadona

Da aka kawo ni Makka amarya daga Zariya, ban ɗauki kwalba a bakin komai ba. A gidanmu in man shafawa ya ƙare, ko maganin tari, sai a jefa kwalbar bayan ɗaki har ranar da mai sayen kwalabe zai zo wucewa. Mijina haifaffen Makka ne. Kakanninsa ne suka zo aikin hajji suka zauna, shi kuma ya tashi da Hausa a gida, Larabci a waje. Direban bas ne a lokacin, yana kwasar alhazai da masu umara daga tashar Kudai zuwa Harami. Mun kama haya a hawa na biyu na wani bene a unguwar Zahir. Mahaifiyarsa kuwa tana can tsohon gidansu a kan dutsen Nakkasa, an yi an yi ta sauko ta ƙi.

Ranar da ya fara kai ni gaishe ta, na isa ina haki saboda matakala. Ɗakinta ƙarami ne, amma bango guda kanta ce ta katako tun daga ƙasa har kusa da rufi, an jera kwalabe masu faɗin baki. Akwai lemon tsami da aka tsaga aka cusa wa gishiri, akwai tumatir dafaffe ja wur, akwai karas da kokwamba cikin ruwan tsami, ga man shanu, ga yaji, ga niƙaƙƙen barkono da suke kira shatta. Ita ba ta ce musu kwalba. Bartaman take cewa, kamar yadda Larabawan gari ke faɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na kira ta Ummi kamar yadda ɗanta ke kiran ta, ita kuma tun daga ranar ta riƙa ce mini ya binti, wato 'yata.

Ta ga ina satar kallon kantar, sai ta ce in tashi in ɗauko mata wata daga can sama. Kwalba ce mai kauri, launinta ya ɗan yi kore-kore, murfinta ma na gilashi ne, da wata waya da ke danne shi, da zoben roba a tsakani.

"Wannan ta girmi mijinki," in ji ta.

Labarinsu ba a rana ɗaya ta ba ni shi ba. Kaɗan-kaɗan ne, duk lokacin da na hau wurinta. Ta ce uwarta da ta keto Sudan da ƙafa, da tandun man shanu ta zo da goran duma, su ne kayan ajiyarta har suka lalace. Bayansu sai gwangwanin madara, wanda ke tsatsa ya ɓata abinci. Gilashi kuwa alhazai ne suka kawo shi. Mutanen Sham da Turkiyya da Masar sukan zo da zaitun da kayan tsaminsu a irin waɗannan kwalabe, in sun cinye sun gama hajji sai su bar su a masauki. Matan Hausawa da yawa a gidajen saukar alhazai suke wanki da shara, don haka in an watse su ke tsintar su. Ta ce a lokacin mace ta fi murna da kwalba mai lafiyayyar roba a kan sabon zane. Wurin maƙwabtansu 'yan Burma da Indiyawa suka koyi jiƙa mangwaro da lemo, ita kuma wata 'yar Masar ce ta nuna mata yadda ake dafa tumatir a rufe shi ya daɗe bai lalace ba. Kafin firji ya hau dutse, kantar nan ita ce firjin. In an zo neman auren 'yar gida kuwa, matan dangin miji sukan kalli kantar uwar kafin su kalli yarinyar.

Ita ta koya mini aikin. A tafasa kwalaben da murafensu a babbar tukunya, a kife su a kan tsumma mai tsabta. A zuba tumatir da zafinsa, a matsa ɗan lemon tsami, a bar wuri kaɗan a sama, a goge baki, a rufe, a sake mayar da su cikin ruwa su yi ta tafasa. Sababbin da ake sayarwa a manyan kantuna murfinsu biyu ne, faifan ƙarfe da zobe mai murɗawa. In sun huce sai a ji faifan ya yi ƙas ya lotsa ciki, ya kama ke nan. Ummi ba ta yarda da su sosai ba. Takan danna faifan da babban yatsa ta taɓe baki, ta ce murfin da sau ɗaya ake aiki da shi a yar, na masu kuɗi ne da masu gaggawa.

Ta kuma koya mini ɗaya abin, wanda ya fi tumatir muhimmanci. Kwalba yawo take yi tsakanin gidaje. In kin yi lemo, sai ki cika ɗaya ki kai wa maƙwabciya. Ita kuma ba za ta dawo miki da ita fanko ba, sai ta zuba wani abu nata, ko da soyayyar gyaɗa ce. Kowace mace ta san kwalabenta. Wata takan ɗiga jan farce a gindi, wata ta ɗaura zare a wuya, wata ta shafa fenti a murfi.

"Aibu ne bartaman ya koma gida fanko," Ummi ta ce. "Ko dabino ne ki sa."

Na shiga wannan yawo da ƙarfina. A hawa na sama da mu akwai wata 'yar Damagaram, sa'ata ce, mijinta na da shagon tsire a bakin kasuwa. Ita ce ƙawata, yajinta kuwa babu irinsa. A hawa na ƙasa akwai wata dattijuwa haifaffiyar Makka, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yar'uwar mai benen ce. Kowa Khala yake ce mata, wato inna, kuma falonta ba ya rabuwa da baƙi. Shekaru muka yi a haka. Na haifi 'ya'yana mata biyu, lemon tsamina ya yi suna a layi har Khala takan tsayar da ni a matakala ta tambaya ko na yi sabo. Na ji daɗin wannan suna ƙwarai. Ni baƙuwa ce, Larabcina a karye, dangina suna nesa. In ana hira rabinta takan wuce ni, amma in aka buɗe kwalbata kowa ta san ta wace ce. Ita ta ba ni wurin zama a cikinsu.

Sai ciwon sukari ya taɓa idon maigidana. Ya fara da cewa fitilun motoci suna yi masa yawa, daga baya ya kasa karanta allon hanya. A wurin aikinsu aka gwada idon, aka ce ya ajiye tuƙi. Ya dawo gida da rana tsaka, ya zauna a bakin gado bai ko cire rigar aiki ba.

"Kada kowa ya ji," ya ce. "Ko Ummi. In an tambaya, ki ce ina hutu."

Na ce to. Mutum ne da bai taɓa roƙon kowa komai ba, kuma a ganinsa 'yan makonni ne za a yi masa magani ya koma. Makonnin suka zama watanni. Ɗan abin da muka ajiye ya tafi ga haya da magani. Nama ya fara ɗaukewa daga tukunya, sannan kaza, sannan na koma auna shinkafa da ƙaramin kofi. Kantar madafata muka cinye ta kwalba bayan kwalba, ban sake cikawa ba, don lemo da tumatir da gas ɗin tafasa su duk sun fi ƙarfinmu. In mahaifiyata ta kira daga Zariya nakan gyara murya in ce lafiya lau. A wurin mutanen gida, wanda ke Makka ba ya rasa komai, ni kuma ban ga ta inda zan fara ba.

Kwalaben mutane kuwa ba su daina zuwa ba. Da farko na yi ta dabara. Na mayar da ɗaya da sauran kukar da aka aiko mini daga gida. Na mayar da wata da gyaɗa, wata da dabinon da aka raba a masallaci. Ranar da na tsaya da kwalbar Khala a hannu, na zagaya madafa ban sami abin zubawa ba in ba abincin yara na gobe ba, sai na wanke ta tas, na goge, na naɗe ta a tsohon ɗankwali na tura ƙarƙashin gado. Na ce wa kaina zuwa mako mai zuwa.

Haka suka taru. Mai jan farce, mai zare, mai shuɗin murfi. Na samo kwali na jera su, da ya cika na samo wani. Kwalayen sun tokare katakon gadon, don haka in mutum ya zauna da ƙarfi sai su yi ƙara, 'yar ƙaramar ƙara kamar ana haɗa kofunan shayi a wani gida. Maigidana bai taɓa tambaya ba. Ina jin ya sani, don ya koma zama a hankali.

Na daina fita. Na san takun kowa a matakala. In na ji na 'yar Damagaram tana saukowa sai in kashe rediyo, in yi wa yara alama su yi shiru. Shara ma sai na leƙa na ga babu kowa nake fitar da ita. An yi suna a benen da ke kallon namu, na aika cewa kaina ke ciwo. In 'yar Damagaram ta ƙwanƙwasa har dole na buɗe, takan zaro kwalba daga cikin abayarta ta ce, "Na yi da yawa ne, kada ya lalace." Ni kuma in karɓa ina kallon ƙafafunta, in ce, "Taki tana nan, ban manta ba." Ta ce, "Wa ya tambaye ki?" ta wuce.

Abin da ke cikin kwalaben ma ya canza. Da can kayan marmari ne, shatta, mangwaro mai tsami, abin ɗanɗano a gefen faranti. Yanzu sai ga soyayyen nama cikin mai, ga dafaffen wake, ga man shanu har wuya, har da sukari. Na gani, muka ci, yara suka yi murna. Maigida yakan tsinci naman a cikin shinkafa, ya tauna a hankali, ya tura sauran gaban yara bai ce daga ina ba. Duk da haka na riƙe a raina cewa asirinmu a rufe yake, tunda ban faɗa wa kowa ba, kuma kullum yana fita salla da farar riga a goge.

Ana cikin haka aka shafa wa gidajen layin su Ummi alamar rushewa. Dole ta sauko. 'Ya'yanta mata suna Jidda, don haka wurinmu ta zo, da akwati ɗaya da kwalabenta a naɗe cikin barguna, yawancinsu fanko don ta rabar da abin ciki kafin ta taso. Muka ba ta ɗakin yara. Ba ta ce komai ba game da ɗanta da ke wuni a gida, ba ta ce komai ba game da tukunya.

Wata safiya, bayan maigida ya fita asibiti, ina ninke kaya a ɗakina sai ta shigo tana dafa bango. Ta saki jiki a bakin gado gaba ɗaya, kamar yadda tsofaffi ke yi. Kwalaben suka amsa. Ta ɗan motsa, suka sake amsawa.

"Jawo su," ta ce.

Na durƙusa na jawo kwalin farko, sannan na biyu. Ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana juyawa, tana faɗin masu su. Wasu matan ma ban san ta san su ba. Ni ina durƙushe a gabanta.

"Ummi, zan cika su. Jira nake abubuwa su daidaita."

"Na sani."

"Ba wanda ya san halin da muke ciki. Shi ya ce kada a faɗa."

Ta ajiye wadda ke hannunta ta dube ni. Ba faɗa a idonta, tausayi ne, kuma da ta yi mini faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Ya binti, wa ya gaya miki ba a sani ba? Bartaman in ya shiga gida ya daɗe bai fito ba, an san abin da ke gidan. Haka muke ganewa tun muna kan dutse. Mace ba za ta buɗe baki ta ce babu ba. Sai dai a ga kayan mutane sun maƙale a wurinta, sai a ƙara aika mata. Lokacin da baban mijinki ya rasu, nawa ɗakin har ba wurin sa ƙafa."

Na ce, "Tun yaushe suka sani?"

"Tun kafin Rajab maƙwabciyarki ta sama ta hau dutse ta same ni. Ta ce in gaya mata me yaranki suka fi so."

Duk ɓoyon da na yi, duk shirun da na sa yara suka yi a bayan ƙofa, duk ciwon kan da na ƙirƙira, ashe a gaban idon mutane nake yin su. Suna jin lokacin da nake kashe rediyo. Suna haɗuwa a falon Khala su tsara wadda za ta kai nama da wadda za ta kai mai. Na tuna yadda nake cewa "taki tana nan, ban manta ba," har da murmushi, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi kuka, kuma ba kukan godiya ba ne. Na san ya kamata in gode, amma a ranar kunya ce kawai a cikina, har da ɗan haushi.

Ummi ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Yanzu sai ki mayar musu."

"Da me?"

"Haka nan. Azumi ya matso, tumatirin Ɗa'ifa ya shigo kasuwa, kowa na so ta yi ajiyarta. Kayan aikinsu ne a nan. Ba za su tambaya ba, sai dai su je su sayi sababbi, kuma ba kowa ke da hali ba."

Na roƙe ta ta ba ni ɗan lemon da ya rage mata in rarraba, ko kaɗan-kaɗan ne a kowace. Ta ƙi. Ta ce matan nan duk sun san hannunta, wadda ta ɗanɗana za ta gane, kuma wannan ya fi fanko muni. Na ce ai ita ta gaya mini aibu ne.

Ta ce, "Aibu ne ga wadda take da shi ta hana. Wadda ba ta da shi, ta wanke ta kai, ta ce an gode. Khalas, shi ke nan."

Washegari bayan la'asar na sa abaya, na zuba kwalaben a jakunkuna biyu, na cusa tsummoki a tsakaninsu don kada su yi ƙara, amma sai da suka yi. Na fara da sama. 'Yar Damagaram ta buɗe, ta dubi jakar, ta dube ni. Na ciro nata na miƙa mata. Na shirya magana tun daga matakala, amma "na gode" kaɗai ta fito, ita ma da ƙyar. Ta karɓa ta rungume su a ƙirji.

"Kin ga kuwa yau nake cewa zan yi tumatir," ta ce. "Shigo ki sha shayi."

Na ce ina sauri. Ba ta matsa ba. Ina juyawa na ji ta tura ƙofar a hankali, kamar ƙofar ɗakin mara lafiya.

Na bi gidajen layi. Wata ba ta nan, na bar wa 'yarta, na ji sauƙi. Wata ta ɗaga kwalbar a gabana ta ja robar ta ga ko ta saki. Ba da wata manufa ba ne, haka kowa ke yi, amma sai da na ji a jikina. Na bar Khala a ƙarshe, ina fatan kafin nan baƙinta sun watse.

Ba su watse ba. Falon cike yake da mata, ana shan gahawa, wasu na layinmu ne, wasu daga wata unguwa. Na so in miƙa daga bakin ƙofa, Khala ta ce, "Shigo mana, ya binti, kwana biyu." Na shiga na gaisa da kowa, jaka a hannu. Wata baƙuwa mai fara'a, wadda ba ta san komai ba, ta ce, "Wannan ce mai lemon da kike ba mu labari? To yau mun dace." Ta miƙo hannu ta karɓi jakar kafin in ankara, ta buɗe, ta ciro ɗaya ta ɗaga wajen haske. Ana hango labulen taga ta cikinta. Ta ciro ta biyu.

Matan layinmu kowace ta sami abin kallo a cikin finjalin gahawarta.

Khala ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba, "Nawa ne. Ni na ba ta ta tafasa mini su, hannuna ba ya son ruwan zafi yanzu. Kai su madafa, ya binti, Allah ya yi miki albarka."

Na kai su madafa. Na jera su a kan kanta, na sake jera su, don ban san da wace fuska zan koma falon ba. Dattijuwa da carbi a hannu ta yi ƙarya saboda ni, a gaban mutanen da rabinsu sun san ƙarya ce. Ina ji hira ta ci gaba, wata na ba da labarin tsadar haya da ƙarfi fiye da kima. Da na fito Khala ta zuba mini gahawa, dole na zauna na sha. Baƙuwar nan kuwa sai cewa take in na yi sabon lemo kada in manta da ita, ni kuma ina cewa in sha Allah.

Da na koma gida Ummi na kan sallaya. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta ce in zo in matsa mata ƙafa, na zauna ina matsawa.

Maigidana bai san na fita ba, amma abin bai daɗe bai same shi ba. Bayan 'yan kwanaki, an fito daga masallaci, mai tsire, mijin 'yar Damagaram, ya ja shi gefe ya ce yana neman amintaccen mutum da zai zauna masa a shago ya riƙa tarbar masu saye, aikin ba ya bukatar ido mai kaifi. Ya shigo gida ya tsaya a tsakar ɗaki. Ya zura ƙafa ƙarƙashin gado, ƙafar ba ta taɓa komai ba.

"Kin faɗa musu?"

"Ban faɗa ba."

Ummi ta amsa daga ɗaya ɗakin, da Larabci. Ta ce masa ba wanda ya faɗa, kuma ba wanda bai sani ba, ya je ya karɓi aikin. Ya daina salla a masallacin layi, ya koma wani mai nisa inda ba a san shi ba, da idon nan nasa, yana bin gefen titi a hankali. Abin da ke cin sa shi ke ci na. Muna ɗaki ɗaya muna jin kunyar juna, shi don ya kasa cika tukunya, ni don ta hannuna abin ya fito fili. Sai da azumi ya yi nisa sannan ya je shagon. Ya daɗe a can, kuma mai tsire bai taɓa nuna masa a fuska cewa taimako ne ba.

An yi masa aiki a ido, ɗaya ya gyaru, ɗayan ya tafi. Bai sake tuƙi ba. Daga baya ya sami aiki a wani shagon kayan tsaraba a Kudai, muka tashi muka koma can kusa. Ya ce saboda nisa ne, na ce haka ne, kuma dukanmu mun san ba nisan kaɗai ba ne. Kafin mu tashi na yi lemo mai yawa, na cika kwalabe na raba wa kowa a layin. Sun karɓa, sun yaba. Na zaci hakan zai wanke abin daga raina, bai wanke ba. Duk wadda ta ce "ma sha Allah, hannunki na nan," sai in ji kamar tana gaya mini ta tuna.

A Kudai benenmu na 'yan haya ne masu zuwa da tafiya, ma'aikata daga ƙasashe daban-daban. In maƙwabciya ta aiko da abinci, a robar da ake yarwa take aikowa, ba mai jiran ta dawo, ba kuma mai sanin abin da ke tukunyar wani. Na sami sauƙi a hakan, sauƙin da ba na son faɗa a gaban tsofaffi. 'Ya'yana kuwa kwalba mai murfin ƙarfe a wurinsu kofin shan lemo ce a shagunan zamani, da rami a murfi wurin sa tsinken zuƙa. Ƙaramar har ta sa na saya mata mai mariƙi. Ina yin tumatir har yanzu in ya yi araha, amma na gida kawai.

Ummi ta rasu a wurinmu bayan 'yan shekaru. Matan Zahir suka zo gaisuwa a mota ɗaya. Khala ta tsufa sosai, sai da aka riƙe ta a matakala. 'Yar Damagaram ta shige madafata ba ta ko tambaya ba, ta karɓi aikin shayi daga hannuna, ta yi ta yi har aka tashi daga zaman makoki. Da za su tafi Khala ta kama hannuna ta ce me ya sa ba na zuwa, ko sun yi mini laifi ne. Na ce wallahi babu, hidima ce ta yi yawa. Ta ce in zo ranar Alhamis, har yanzu ana taruwa.

Alhamis ɗin na shirya, na shiga mota har Zahir. Na sauka a bakin kasuwa, na hango benen, sai na tsaya a gaban wani shagon yadi ina taɓa kayan da ba zan saya ba. Mai shagon ya yi ta tambaya ta me nake so. Daga ƙarshe na sayi maɓallai, na tsallaka titi na hau motar komawa.

Sai wata Alhamis ta gaba na iya shiga. Aka matsa mini wuri, aka tambaye ni yara da idon babansu, aka koma hirar gidajen da ake rushewa da inda kowa ya dosa. Ba wadda ta dube ni fiye da kima. Ni ce dai na zauna a bakin kujera, jakata a kan cinya, har aka kira magariba.